Kuɗin da Ake Kashewa Kafin a Aza Bulo: Zane da Izinin Gina Sashen Kaka a Sidni

A unguwannin yammacin birnin Sidni na ƙasar Ostareliya, irin su Blacktown da Fairfield da Penrith, idan ka leƙa ta lungun da ke gefen gidaje za ka riƙa hango ƙaramin gida a bayan babba, da ƙofarsa daban, da akwatin wasiƙarsa mai lamba irin 12A. Mutanen ƙasar suna ce masa granny flat, wato sashen kaka, domin asali tsofaffin iyaye ake gina wa don su zauna kusa da 'ya'yansu ba tare da kowa ya takura ba. A takardun hukuma sunansa mazauni na biyu. Ya yi kama da abin da muke kira boskwata, sai dai shi a idon doka cikakken gida ne, da kicin da banɗaki da wurin wanki, kuma a jihar New South Wales, inda Sidni take, ana iya ba da shi haya ga kowa. Abin da ba a yarda ba shi ne a yanke shi daga babban gida a sayar da shi shi kaɗai.

Kamfanonin gini suna tallata shi da farashi guda, kamar ana sayar da mota. A ƙasan tallar kuwa, da ƙananan haruffa, za ka ga an cire kuɗin zane, kuɗin izini, da duk abin da yanayin fili ya jawo. A nan ne lissafin mutane da yawa yake rushewa. Kuɗin takardun su kansu ba su da wani yawa idan aka gwada da kuɗin ginin. Abin da ke cin aljihu shi ne jerin da aka bi wajen neman su: mutum ya biya mai zane dubban dalolin Ostareliya, sannan daga baya takardar da ba ta kai dala 200 ba ta nuna masa cewa ba za a iya gini a wurin da aka zana ba.

Hanya biyu ce, kuma fili ne ke zaɓa

Tun shekarar 2009 gwamnatin jihar ta buɗe gajeriyar hanya ga irin wannan gini, kuma ƙa'idojinta yanzu suna cikin tsarin gidaje na jiha na 2021. Ana kiran takardar wannan hanya CDC. Ma'anarta ita ce an riga an rubuta sharuɗɗa da lambobi, idan zanenka ya cika su gaba ɗaya to izini naka ne, babu wanda zai zauna ya auna ko ginin ya yi masa kyau. Ƙaramar hukuma tana iya ba da ita, haka ma jami'in tantance gini mai zaman kansa wanda ke da rajista, kuma yawancin mutane wurinsa suke zuwa saboda sauri. Doka ta yanka kwana 20 a matsayin wa'adin ba da takardar. A cikin birni ana sanar da maƙwabtan da ke cikin tazarar mita 20 kwana 14 kafin a ba da takardar, amma sanarwa ce kawai, ba neman yardarsu ake yi ba.

Sharuɗɗan ba sa lanƙwasa. Fili ya kai murabba'in mita 450. Idan yana tsakanin 450 da 900, faɗinsa a layin da gini ke farawa ya kai mita 12. Sashen kada ya wuce murabba'in mita 60. A bar mita 3 tsakaninsa da iyakar baya, santimita 90 daga iyakar gefe, matuƙar tsayinsa bai haura mita 3.8 ba, idan ya haura, tazarar ma sai ta ƙaru. A bar fili na shan iska murabba'in mita 24 wanda faɗinsa bai gaza mita 4 ba. A nisanci gindin bishiyar da doka ta kare da mita 3. Filin da ya auna mita 11.9 a faɗi ya faɗi jarrabawa daidai da wanda ya auna 9, kuma jami'in tantancewa ba shi da ikon cewa ai ɗan kaɗan ne ya rage.

Wanda bai cika ba sai ya bi doguwar hanya, wadda ake kira DA: ya kai buƙatarsa gaban ƙaramar hukuma, ma'aikatanta su duba bisa dokokin yankinsu, maƙwabta su samu damar kai ƙorafi. Kuɗin shigar da buƙatar doka ce ta tsara shi gwargwadon kuɗin aikin, kuma ga ƙaramin gini irin wannan ɗaruruwan daloli ne. Tsadar tana cikin abin da ke biyo baya. Sai an rubuta bayanin tasirin ginin a kan muhalli da maƙwabta, wani lokaci da zanen inda inuwarsa za ta faɗa, da tsarin zubar da sharar gini, da rahoton masanin bishiyoyi. Ko an amince ma ba a fara haƙa ba, sai an sake neman takardar fara gini, wadda ke da nata kuɗin. A takarda, idan kwana 40 suka wuce babu amsa mutum yana iya ɗaukarsa a matsayin an ƙi ya tafi kotu. A zahiri watanni ake jira, farashin katako da kankare kuma ba ya jiran kowa. Amfanin wannan hanya guda ɗaya ne, kuma babba ne: ana iya tattaunawa. Ƙaramin fili, ko tazarar da ta gaza da tafin hannu, ana iya kawo hujja a kai a saurara. Duka hanyoyin biyu, tun Yulin 2021, ta shafin intanet na hukumar tsara birane ta jiha ake shigar da su.

Takardu masu arha da ya kamata su riga komai

Ta farko ita ce takardar sashe na 10.7 na dokar tsara birane, wadda tsofaffin ma'aikata har yanzu suke kira 149 da tsohuwar lambarta. Ƙaramar hukuma ce ke ba da ita cikin 'yan kwanaki. Tana faɗin rukunin da filin yake, ko yana cikin yankin ambaliya, ko na gobarar daji, ko unguwar tarihi da aka kare, kuma tana faɗa ƙarara ko gajeriyar hanya tana yiwuwa a filin. Gara a biya cikakkiyarta mai ƙarin bayani, bambancin kuɗin bai taka kara ya karya ba.

Ta biyu ita ce takardar mallaka tare da taswirar filin da kuma abin da ake kira 88B. A ciki ake samun haƙƙin wucewa da wasu suke da shi a filinka: zirin ƙasa a gefen baya wanda magudanar ruwan maƙwabta ke bi ta ƙarƙashinsa, ba a gini a kansa, ko sharaɗin da mai yanka filayen unguwar ya sa tun shekaru da dama. Ta uku taswirar bututun najasa daga Sydney Water, hukumar ruwa ta Sidni. Ta huɗu kyauta ce, tambayar Before You Dig Australia game da wayoyi da bututun da ke binne. Duka huɗun a haɗe 'yan ɗaruruwan daloli ne, kuma duk mai zanen da ya ja layi kafin ya gan su zato yake zanawa.

Sai safiyo. Aikinsa ya auna tudu da gangaren filin, inda babban gida ya tsaya, bishiyoyi, bakin kwalbati, murfin ramin najasa, da ainihin iyaka. Katangar da ake gani sau da yawa ba a kan iyaka take ba. Idan ta kauce da santimita 15 aka auna tazarar 90 daga jikinta, sai bayan an zuba daɓe safiyo ya dawo ya ce tazarar 75 ce. Maganin wannan ko dai a fasa kankare ko a mayar da bangon mai jure wuta a sake neman gyaran izini, kuma kowanne ya ninka kuɗin awon da aka so a tsallake.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasa

A tsofaffin unguwannin Sidni babban bututun najasa yakan bi ta bayan gidaje, daidai inda kowa yake son ajiye sashen kaka. Taswirar hukumar ruwa tana nuna kusan inda yake ne kawai, don haka ake biyan wanda aka amince da shi ya zo ya gano shi a ƙasa, ya kafa turaku, ya rubuta zurfinsa. Daga nan injiniya yake lissafin yankin da nauyin gini zai iya danna bututun. A taƙaice ana ɗaukar layi daga gindin bututun a karkace zuwa sama, kimanin kusurwa 45, kodayake irin ƙasar yana canza shi. Bututun da ke zurfin mita 2 ke nan yana shafar kusan mita 2 ta kowane gefensa. Duk harsashin da ya shiga wannan yanki sai an haƙa masa ginshiƙai su sauka ƙasa da layin, don nauyin ya wuce bututun. Idan ginin zai hau kansa, sau da yawa sai an tone shi an lulluɓe shi da kankare, tsohon na yumɓu ma a canza shi, kuma da mita ake lissafin kuɗin. A kan murfin rami kuwa ba a gini sam, domin ta nan ma'aikata suke shiga. Matsar da zane da mita ɗaya da rabi yakan kawar da wannan kashe kuɗi baki ɗaya, amma fa sai an san inda bututun yake kafin a zana.

Gwajin ƙasa shi ma ɗaruruwan daloli ne. Ana huda rami biyu ko uku a ba filin aji bisa ma'aunin AS 2870: A ga yashi ko dutse, S da M ga laka mai ɗan motsi, H1 da H2 da E ga wadda ke kumbura da damina ta tsuke da rani, P kuma ga fili mai matsala, kamar wanda aka cike da ƙasar juji ko wanda manyan bishiyoyi ke tsotse danshinsa. Farashin talla kusan kullum a kan S ko M aka gina shi. Yammacin Sidni kuwa laka ce da yawa, kuma bayan gida shi ne inda aka fi zuba ƙasar da aka tono lokacin gina babban gidan. Da zarar rahoto ya ce H ko P, daɓen zai ƙara kauri, rodi ya ƙaru, ginshiƙai su shigo.

Ruwan sama ya fi duka wahalar sha'ani. Idan filin ya gangara zuwa titi, ruwan rufi zai bi bututu ya faɗa kwata, shi ke nan. Idan ya gangara baya, ruwan ba shi da inda zai bi sai gidan maƙwabci, doka kuma ba ta yarda a sakar masa ba. Zaɓin da ya rage: bututu rufaffe wanda tsayin indararo ke tura ruwan cikinsa ya hau zuwa titi, wanda ba ya aiki sai rufin ya fi bakin titi tsayi sosai, ramin tsotse ruwa, wanda ba ya amfani a laka, ko sayen haƙƙin wucewa ta filin maƙwabcin ƙasa, da kuɗin lauya da safiyo da diyya, idan ma ya yarda. Wasu ƙananan hukumomi suna ƙara da tankin da zai riƙe ruwa ya sake shi a hankali. Wannan matsala ita kaɗai tana iya hana aiki tashi, don haka ya dace injiniyan magudana ya ga awon safiyo tun zanen yana matakin fensir.

Zanen kansa

Murabba'in mita 60 ƙarami ne, kuma a gajeriyar hanya daga bayan bango ake auna shi, wato kaurin bango yana cikin lissafi. Ɗauki gini mai mita 10 a tsawo da 6 a faɗi. Idan bangon jan bulo ne a waje da katako a ciki, kaurinsa kusan santimita 25, abin da zai rage a ciki mita 9.5 sau 5.5, murabba'in mita 52 da ɗan ɗoriya. Idan bangon katako ne da aka rufe da allunan siminti, kaurinsa kusan 12, ciki zai haura 56. Bambancin murabba'in mita 4 ɗin nan shi ne girman banɗaki. Irin wannan shawara ce ake biyan mai zane dominta, da kuma iya rage baranda ta ciki wadda ke cin wuri ba ta ba da komai. Ga tsoho kuma akwai abin da ya fi kyan gani muhimmanci: ƙofa mai faɗin da keken guragu zai shige, wurin wanka marar dakali, shiga babu matakala. A takarda waɗannan ba sa ƙara kuɗi sosai. Bayan an gama gini sai an fasa.

Akitek ya fi mai zanen gini na yau da kullum tsada, kuma a fili shimfiɗaɗɗe mai kusurwa huɗu ba lallai a buƙace shi ba. Kamfanonin gini da yawa suna haɗa zane da neman izini a dunƙule da farashi mai sauƙi. A karanta yarjejeniyar da kyau, domin galibi haƙƙin mallakar zanen yana hannunsu. Idan farashin ginin da suka kawo daga baya bai yi maka ba, ba za ka ɗauki zanen ka kai wa wani ɗan kwangila ba, sai ka sake daga farko. Zanen da ka biya mai zaman kansa ya yi maka, shi kake iya kai wa mutum uku su yi takara.

Dole kuma a samu takardar BASIX, tsarin da jihar ta fara a 2004 don rage shan ruwa da wuta, aka tsaurara shi a Oktoban 2023. Kuɗinta kaɗan ne, amma alƙawuran da ke cikinta, irin tankin ruwan sama, gilashin taga, abin tare zafi a rufi da bango, dole a gina su kamar yadda aka rubuta. Tana mutuwa idan ba a shigar da ita cikin wata 3 ba, kuma canza girman taga ɗaya na iya sa a sake ta. Tsakanin sashen da babban gida a bar mita 1.8, in ba haka ba bangon da ke fuskantar gidan sai ya zama mai jure wuta na minti 60. A yankin gobarar daji ana ba fili mataki, daga mafi sauƙi zuwa 12.5, 19, 29, 40 da kuma FZ, wato inda harshen wuta zai iya taɓa ginin. Biyun ƙarshe sun rufe gajeriyar hanya, kuma kowane mataki yana ƙara tsadar tagogi da ƙofofi da rufi.

Kuɗin da ba ya cikin talla

Akwai gudummawar da ƙaramar hukuma ke karɓa don hanyoyi, wuraren shaƙatawa da magudanu, kuma ana biyanta ko da jami'i mai zaman kansa ne ya ba da izini. Mutane da yawa suna zaton tunda ba su je ƙaramar hukuma ba sun kuɓuta. Iri biyu ce a dokar tsara birane ta 1979. Ta sashe na 7.12 kaso ce: babu komai har dala 100,000, rabin kashi ɗaya cikin ɗari har 200,000, kashi ɗaya cikin ɗari sama da haka. Aikin 180,000 zai biya 900. Na 210,000 zai biya 2,100, domin a kan jimlar ake ɗora kason. Ta sashe na 7.11 kuwa da yawan mutanen da ake sa ran za su zauna ake lissafa ta, kuma kowace ƙaramar hukuma da tsarinta. Wata ta yafe wa sashen kaka, wata tana karɓar dubban daloli, har gidaje biyu masu kallon juna a titin da ya raba hukumomi biyu su biya kuɗi mabambanta. Tambaya ɗaya a rubuce ga ofishin tsare-tsare tana warware wannan tun ranar farko.

Harajin asusun ma'aikatan gini ya yi sauƙi tun 1 ga Janairun 2023: kashi 0.25 cikin ɗari, kuma sai aikin ya kai 250,000, inda za a biya 625. Yawancin sassan kaka ba su kai nan ba. Aikin da ya wuce 20,000 kuwa dole ɗan kwangila ya yi masa inshorar kare mai gida, kuma ba shi da ikon karɓar ko sisi kafin ya miƙa takardarta. Kafin alƙalami ba ya wuce kashi 10 cikin ɗari, wato 18,000 a aikin 180,000. A duba kuma layukan yarjejeniya da aka rubuta a matsayin ƙiyasi, musamman ginshiƙai, fasa dutse, kwashe ƙasa da jan bututu. Ƙiyasi ba farashi ba ne. Duk gwajin da aka yi kafin sa hannu yana mayar da ɗaya daga cikinsu tsayayyen adadi.

Sauran ƙanana ne amma suna taruwa: ajiyar da ƙaramar hukuma ke riƙewa ko manyan motoci za su fasa gefen titi, izinin taɓa bakin titi a ƙarƙashin sashe na 138 na dokar hanyoyi, mitar wuta ta daban wadda sai ma'aikacin lantarki mai lasisi na musamman ke haɗawa, wani lokaci har da ƙara ƙarfin layin da ke shigowa gidan. Tsohon gareji da za a rushe, idan an gina shi kafin 1990, akwai yiwuwar allunansa na asbestos ne, kuma abin da ya wuce murabba'in mita 10 sai mai lasisi ne zai cire.

Mayar da gareji ɗakin kwana a ɓoye shi ne kuskuren da ya fi tsada. Silin ɗin ɗakin zama dole ya kai mita 2.4, gareji da yawa ba su kai ba. Daɓensu ba shi da ledar tare danshi. Bangonsu yana kan iyaka. Ba a ba da takardar fara gini ga abin da aka riga aka gina, sai dai a nemi wata takardar daidaita matsayi daga ƙaramar hukuma da rahotannin injiniya, inshora kuma tana iya ƙin biya idan gobara ta tashi. Mutum ne zai kwana a ciki, sau da yawa tsoho wanda ba ya iya gudu.

Waɗannan lambobi na New South Wales ne, ba a ɗauke su a tsallaka iyaka da su. Jihar Biktoriya tun Disambar 2023 ta cire buƙatar izinin tsara birane ga yawancin ƙananan gidaje na biyu da ba su wuce mita 60 ba, amma izinin gini yana nan. Jihar Yammacin Ostareliya ta yi kwatankwacin haka a 2024 da iyakar mita 70. Jihar Queensland kuma sai a Satumbar 2022 ta yarda a ba da su haya ga wanda ba ɗan gida ba.

A Sidni izini ba ya ƙarewa da ranar da aka buga hatimi. Jami'in tantancewa zai zo duba ramukan ginshiƙai da rodi kafin a zuba kankare, ya duba ƙirar katako kafin a rufe ta, ya duba shafen hana yoyo a banɗaki kafin a sa tayil, ya duba magudana kafin a binne. Idan ɗan kwangila ya yi gaggawa ya rufe wani mataki ba a gani ba, takardar izinin shiga tana iya maƙalewa, kuma idan babu ita doka ba ta yarda kowa ya tare ba. Don haka a tambayi jami'in tun farko ko kuɗin da ya yanka ya haɗa da dukan waɗannan ziyarce-ziyarce da takardar ƙarshe, da nawa yake caji idan ya zo ya tarar ba a shirya ba ya koma, sannan a rubuta a yarjejeniyar gini cewa biyan ƙarshe yana jiran fitowar takardar izinin shiga.